Dokar karayar arziki a Amurka: Me ake yafewa, me ake rasawa?

Alƙaluman kotunan tarayya a Amurka sun nuna cewa a shekarar 2024 an shigar da takardu fiye da 500,000 na neman a ayyana karayar arziki, bayan da adadin ya faɗi ƙasa da 400,000 a shekarar 2022.

Mafi yawan masu neman ɗaiɗaikun jama'a ne, waɗanda bashin katin banki, ko kuɗin asibiti, ko rasa aiki ya durƙusar da su.

Da zarar mutum ya miƙa takardunsa ga kotu, doka na dakatar da masu binsa bashi daga buga masa waya, ko kai shi ƙara, ko ƙwace masa gida. Abin da zai biyo baya kuwa ya danganta da hanyar da ya bi, domin akasarin mutane na bin ɗaya ne daga hanyoyi biyu, wato Babi na 7 ko Babi na 13 na dokar da aka kafa a 1978.

Babi na 7

A ƙarƙashin Babi na 7, ana naɗa wakili da zai tattara kadarorin mai bashi, ya sayar, ya raba kuɗin ga masu binsa. Cikin 'yan watanni kotu kan yafe masa sauran bashin da ba shi da jingina, kamar na katin banki da na asibiti.

To sai dai ba komai ake sayarwa ba. Doka ta keɓe abubuwan da mutum ke buƙata don ci gaba da rayuwa, irin su tufafi, da kayan ɗaki, da kayan sana'a, da akasarin kuɗin fansho. Saboda haka ne a mafi yawan irin waɗannan shari'o'i wakilin ba ya samun abin sayarwa.

Abin da ake keɓewa ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Texas da Florida, alal misali, gidan da mutum ya daɗe yana zaune a ciki na samun kariya komai tsadarsa, muddin filin bai wuce girman da aka ƙayyade ba, yayin da wasu jihohin ke kare wani ɓangare kawai na darajar gidan.

Bashin da ke da jingina kuwa, hukuncinsa daban ne. Wanda ya sayi mota ko gida da rancen banki, idan bai ci gaba da biya ba, bankin na da ikon karɓe kayansa ko da an yafe masa sauran basussuka.

Babi na 13

Babi na 13 an tanade shi ne domin mai samun kuɗin shiga a kai a kai. Ba a sayar masa da kadara, amma zai gabatar wa kotu tsarin biya na shekara uku zuwa biyar, inda kowane wata zai riƙa miƙa wani kaso na abin da yake samu ga wakili.

Wannan hanya ce ta fi dacewa da wanda ya yi jinkirin biyan bashin gida, domin tana ba shi damar biyan abin da ya taru a hankali ba tare da an kore shi ba. Haka kuma tana kare wanda ya tsaya masa wajen karɓar rancen, muddin shari'ar na gudana.

Matsalar ita ce tsawon lokacin. Rashin lafiya ko sallama daga aiki na iya rusa tsarin, kuma da dama daga cikin masu bin wannan hanya ba sa kai wa ƙarshe. Idan kotu ta kori shari'ar, masu bin bashi na dawowa kamar da.

Basussukan da ba a yafewa

Ko wace hanya aka bi, akwai nauyin da ba ya sauka. Kuɗin ciyar da 'ya'ya da na tsohuwar mata ko miji, da tarar aikata laifi, da akasarin haraji na baya-bayan nan, da bashin da aka ci ta hanyar zamba, duk suna nan. Bashin karatu ma ba a yafe shi sai mutum ya gamsar da kotu cewa biyansa zai jefa shi cikin matsanancin ƙunci.

Tabon kuma na daɗewa. Babi na 7 kan zauna shekara goma a kundin tarihin bashin mutum, Babi na 13 kuma shekara bakwai, lamarin da ke sa rance ya yi masa tsada, haya ma ta yi wuyar samu.

Gyaran 2005

A watan Afrilun 2005, shugaba George W. Bush ya sanya hannu kan gyaran da ya ƙuntata hanyar Babi na 7. Tun daga lokacin, wanda abin da yake samu ya zarce matsakaicin na jiharsa, sai an auna ko zai iya biyan wani abu, idan zai iya, Babi na 13 ne ya rage masa.

Mutane sun yi rububin shigar da takardu kafin dokar ta fara aiki a watan Oktoba, har adadin ya haura miliyan 2 a shekarar, kafin ya faɗo zuwa kimanin 600,000 a 2006.

Bankuna sun ce gyaran ya toshe ƙafar masu cin bashi da niyyar ƙin biya. Masu suka, ciki har da Elizabeth Warren, wadda a lokacin malamar shari'a ce a jami'ar Harvard, sun ce ya ƙara wa talaka wahala da kuɗin lauya ne kawai.

Har yanzu ba a rufe wannan muhawara ba, domin tana komawa ne ga tambaya guda: yaya za a kare haƙƙin mai bin bashi ba tare da an hana wanda ya faɗi damar sake miƙewa ba?