Jita Ba Buhun Gero Ba Ce

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tagar filin jirgin sama ya ga yadda ake loda kaya, ya san ma'aikatan wurin ba su da lokacin tambayar abin da ke cikin akwati. An ba su 'yan mintoci su kwashe kayan mutum ɗari da wani abu, saboda haka jifa ake yi, a ɗora mai nauyi bisa marar nauyi, a ja amalanke a wuce. Buhun gero ba ya kuka da wannan. Amma jita, wato molon Turawan nan mai tsirkiya shida wanda ba a haɗa shi da lantarki, ba ta jure irin wannan wahala, kuma a ganinmu lokaci ya yi da kamfanonin jiragen sama za su daina lissafa ta cikin sauran tarkace.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan magana ce ta 'yan shagali kawai. Ga makaɗi, abin kiɗansa shi ne garmarsa. Samari irin su Bombino da Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar sun zaga duniya da jita, suna cika dandali a Turai da Amurka, kuma da ɗayansu zai sauka ya tarar da abin sana'arsa a karye ana gobe wasa, to, asarar ba ta tsaya kan kuɗin katako ba.

Sai an san yadda ake ƙera jita kafin a gane rauninta. Fuskarta falle ne na katako wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, an yi shi haka da gangan domin ya riƙa karkarwa ya ba da amo. A bisa wannan falle aka ɗaure tsirkiyoyin ƙarfe shida, waɗanda in an ɗaure su daidai, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai wajen kilo 70. Wato tun tana ajiye a ɗaka tana ɗauke da nauyin ƙato guda. To, in akwatin ya faɗo daga amalanke, wuyan jita yana kwance a matokarinsa, amma kanta, inda makullan tsirkiya suke, yana reto ba abin da ya tare shi, sai ya fizgu ya tsage. Shi ya sa mutum kan ga akwati lafiya lau daga waje, ya buɗe ya tarar da ɓarna.

Mutane da yawa suna zaton iskar sama ce ke fasa ta. Ba haka ba ne, domin a manyan jiragen fasinja na zamani ɗakin kaya na ƙasa yana da matsin iska iri ɗaya da inda mutane ke zaune. A ƙasa ake yin yawancin ɓarnar, tsakanin hannu da hannu. Abin da sama ke jawowa shi ne bushewa. Katakon jita yana son damshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a cikin jirgi yakan sauka ƙasa da kashi 20. Wanda ya ga yadda hunturu ke tsaga ƙyauren katako a Kano ba ya bukatar ƙarin bayani.

A shekarar 2008 wani mawaƙi ɗan Kanada, Dave Carroll, ya shiga jirgin kamfanin United zai tafi jihar Nebraska. Da suka yada zango a Shikago, sai wata fasinja ta hango ma'aikata suna jifa da jitoci. Tasa, ƙirar Taylor ta dala 3,500, ta karye. Ya yi wata tara yana kai da kawowa, daga bisani aka ce ba za a biya shi ba, wai bai kai ƙara cikin sa'a 24 ba. Da ya ga haka sai ya yi musu waƙa a watan Yuli na 2009, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube, sannan fa kamfanin ya neme shi. Amma makaɗa nawa ne za su iya rama gayya ta wannan hanya?

Na kusa da gida ma bai tsira ba. A watan Fabrairu na 2020 Ballake Sissoko, mashahurin makaɗin kora na ƙasar Mali, ya sauka Faris daga Amurka ya tarar an wargaza korarsa, ga takardar jami'an binciken kaya na Amurka a cikin akwatin. Hukumar ta musanta cewa ita ta buɗe. Ko ma wane ne, ƙwarya da fata ba su da juriyar katako, kuma duk abin da ya sami kora zai iya samun goge da garaya da gurmi.

Amurka dai ta yi doka. Majalisarta ta zartar a 2012, aka fara aiki da ƙa'idar a watan Maris na 2015, cewa dole kamfanonin jiragenta su bar fasinja ya shiga da ƙaramin abin kiɗa kamar jita ba tare da ƙarin kuɗi ba, muddin akwai wurin ajiye ta a ma'ajiyar da ke bisa kujeru lokacin da ya shiga. Wanda nasa ya fi haka girma yana iya saya masa kujera, in nauyinsa bai wuce kimanin kilo 75 ba. Dokar tana da gibi, domin wanda ya shiga a ƙarshe ya tarar an cika ko'ina ba shi da ta cewa. Duk da haka ta raba makaɗi da roƙon alfarma a bakin ƙofa, inda ma'aikacin yau zai ce shiga, na gobe ya ce atafau. Irin wannan ƙa'ida ce muke so hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta tabbatar kowane kamfani ya rubuta ta ɓaro-ɓaro, a kafa ta inda ake auna kaya, yadda ma'aikaci da fasinja za su karanta abu guda.

Sai dai ba za mu ɗora wa kamfani laifi duka ba. Wanda ya sa jita a jakar yadi ya miƙa ta a wurin awo, shi ya fara cutar kansa. Akwati mai tauri ake bukata, a cusa tsofaffin riguna sama da ƙasan kan jitar har ya daina motsi, a rufe a girgiza, in an ji wani abu na kaɗawa a sake cusawa. A sassauta tsirkiya kaɗan, ba sai an kwance su gaba ɗaya ba. A nemi jirgin da zai tafi kai tsaye, domin kowane canjin jirgi ƙarin hannuwa ne, a kuma yi sammakon shiga. In an sauka a wuri mai tsananin sanyi ko zafi, a bar akwatin a rufe na ɗan lokaci kafin a buɗe.

Batun diyya kuwa, nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikinta, ta ƙayyade iyakar abin da kamfani zai biya kan kayan fasinja a tafiyar ƙasa da ƙasa. Tun daga ƙarshen Disamba na 2024 iyakar ta kai kimanin dala 2,000, komai tsadar abin da ya lalace, sai fa in fasinja ya bayyana darajar kayansa tun wurin awo ya biya ƙarin da aka yanka masa. Yarjejeniyar ta ba da kwana bakwai a kai kuka a rubuce. Kada a jira su. A ɗauki hoton jitar kafin a miƙa ta, a buɗe akwatin tun ba a bar zauren karɓar kaya ba, in akwai ɓarna a sa ma'aikacin kamfanin ya cika takarda nan take, a karɓi kwafi mai hatimi.