Kiristocinmu da siyasa: kayan aro ba ya rufe katara

Mun sani sarai wani ɗan kasuwa a Affala ko Barmu zai ga kan wannan sharhi ya ce: "Mi ya haɗa ni da wannan? Ni a garinmu liman da ladan na sani, ban san fasto ba." Gaskiyarsa. Kiristoci a ƙasar Nijar ba su kai biyu cikin ɗari ba, a arewacin Adar kuwa sai an bincika kafin a ga ɗaya. To amma a tambaye shi ina aka kai matarsa ranar da haihuwa ta zo da gardama, wataƙila ya ce Galmi. A tambaye shi ina babban ɗansa yake biɗa, ya ce Abijan ko Kwatano ko Anacha, inda yaron yake haya a gidan Kirista, kuma Kirista ne ke sayen hajarsa. Sannan a je a tambayi matan kasuwar Damagaram da Yamai yadda ciniki ya kasance a watan Janairu na 2015. Ashe kuwa maganar ta shafe mu.

Waɗanda muke nufi su ne Kiristoci ƴan bishara, wato masu riƙo da littafinsu harafi da harafi, masu ƙyamar giya da taba da zaman banza, waɗanda ta fannin tarbiyyar gida idan ka ji fastonsu yana faɗa sai ka ɗauka wani malamin unguwa ne. Da yawansu Hausawa ne irinmu, ƴaƴa da jikokin waɗanda suka bi ƙungiyar mishan ta SIM. Wannan ƙungiya ta sauka Damagaram a 1924, ta yi zama a Tsibiri ta Gobir, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta yi aikin kutare a Danja kusa da Maraɗi. Daga hannunta ne majami'ar EERN ta fito wajen lokacin samun ƴancin kai.

Abin da Turawan mishan suka koya wa almajiransu game da mulki gajere ne: a bi hukuma, a yi mata addu'a, a bar mata duniyarta. Su kansu Turawan masu jin Ingilishi ne a ƙasar da Faransa ke mulki, kumandan yana kallonsu da ido ɗaya, saboda haka suka lafe. Makarantun da suka fi ba ƙarfi na koyon Littafi Mai Tsarki ne cikin Hausa, ba lakwal ta Faransanci mai kai yaro ga aikin gwamnati ba. Ƴan Katolika ne suka yi wannan, shi ya sa ake ganin yaran da suka koyar a ofisoshi. Ɗan bishara kuwa ya tashi ya iya noma, ya iya jinya, ya iya wa'azi, amma ya ɗauki siyasa abin ƙazanta. Ko da aka yi taron ƙasa na 1991 jam'iyyu suka cika gari, yawancinsu ƙuri'a kawai suke jefawa su koma gida.

Da a ce shirun ya tsare su, da ba mu ce komi ba. Bai tsare su ba. A duba sau uku da aka kai musu wuta. A watan Nuwamba na 2000 rigimar tsakanin gwamnati ce da ƙungiyoyin addinin Musulunci a kan bukin nuna tufafi na FIMA, amma a Maraɗi aka gama da majami'ar Vie Abondante. A Janairu na 2015 wata jarida ce a Paris ta yi zanen ɓatanci, shugaba Isufu Mahamadu, ɗan jihar nan tamu ta Tawa, ya je Paris jerin gwano, sai ga shi ranakun 16 da 17 ga wata an rasa rayuka 10 a Damagaram da Yamai, kuma ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. A Yuni na 2019 gwamnati ce ta kawo dokar tsara harkar ibada, aka kama wani limami a Maraɗi da ya soke ta, matasa suka je suka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Babu fasto ɗaya da ya shirya FIMA, ko ya yi zanen, ko ya kama limamin. Duk wanda ya yi fushi da Faransa ko da gwamnati, idan hannunsa bai kai gare su ba, sai ya nemi wanda yake gani kamar ɗan aikensu. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a taron gari ba, abu ne mai sauƙi a ce baƙo ne, ko da kuwa a nan aka binne cibiyar kakansa.

Ranar da aka ƙona majami'a kuwa ba majami'a kaɗai ke ƙonewa ba. Kasuwa ta watse, mai tumatir ta kwana da kayanta suna ruɓewa, direba ya ƙi ɗauko lodi, hukuma ta hana yawo, ɓarayi su sami ranar sallarsu. Wanda ya ci bashi ya saro kaya, mai bashi ba ya tambayarsa addinin wanda aka ƙona.

Shi ya sa ba mu yi mamaki ba da matasan majami'u, waɗanda yanzu suka yi karatu kamar kowa, suke cewa hanyar iyayensu ta ƙare. Muna tare da su a nan. Inda muke jan kunne shi ne wajen da suke kallo don neman sabuwar hanya, domin salula ta kawo musu samfuri biyu, kuma duka biyun na aro ne.

Na farko daga Najeriya yake. Can Kiristoci rabin ƙasa ne ko kusa da haka, suna da ƙungiyar CAN tun 1976, manyan fastoci suna cika filin ƙwallo, kuma a zaɓen 2023 da jam'iyyar APC ta tsayar da Musulmi biyu, Tinubu da Shettima, mumbari ya koma dandalin kamfe, a majami'a da masallaci baki ɗaya. An gama zaɓe, ƙiyayyar ba ta gama ba. Ƴan kasuwa su ne ya kamata su fi kowa tuna cewa rikicin Zangon Kataf na 1992, wanda ya ci ɗaruruwan rayuka, a kan sauya wa kasuwa wuri ya faro. A Jos bayan rikicin 2001 har unguwanni da wuraren ciniki suka rabu, wannan namu, wancan nasu. Idan wannan hanya ta jawo haka a inda ɓangarorin suka yi kunnen doki, me za ta jawo wa mutanen da ba su kai biyu cikin ɗari ba? Siyasar ƙidayar kawuna ba ta mai kai ɗaya ba ce.

Na biyu daga Amurka yake, kuma shi ya fi haɗari, domin yana zuwa da kuɗi da hotuna masu kyau. Can ma ƴan bishara sun daɗe suna gudun siyasa, har fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority a 1979 ya ɗaura su a jam'iyyar Republican. A zaɓuɓɓukan 2016 da 2020 da 2024 kusan takwas cikin goma na farar fata ƴan bishara Donald Trump suka zaɓa. Sun sami wani abu, ba mu musu: alƙalan da ya naɗa sun soke hukuncin da ya halatta zubar da ciki a ƙasar duka, a 2022. Amma majami'u sun tsage, kuma yau a Amurka idan aka ce ɗan bishara, jam'iyya ake fara tunawa kafin Almasihu. Shi kansa Billy Graham, wanda ya fi kowane mai wa'azinsu suna, ya shaƙu da shugaba Nixon har abin kunyar da ya sauke Nixon a 1974 ya fantsama masa, kuma da ya tsufa ya faɗa da bakinsa cewa da zai sake rayuwa da ya yi nesa da siyasar jam'iyya. Wato masu kayan ma suna sake tunani a kansu.

Wannan siyasa ta Amurka ta riga ta iso bakin ƙofarmu. A ƙarshen Oktoba na 2025 Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ya ce ana zaluntar Kiristoci, bayan matsin lambar ƴan majalisa da ƙungiyoyin ƴan bishara na ƙasarsa. Ranar 25 ga Disamba Amurka ta harba makamai cikin jihar Sakkwato, ta ce ƴan ta'adda ta nufa. Sakkwato fa, da ɗan Ƙonni ke zuwa da safe ya komo da yamma. Ana kashe Kiristoci a Filato da Binuwai, wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma Musulmin da ya ƙi faɗarta ya yi ha'inci. To amma su wa ƴan bindiga ke kashewa a Sakkwato da Zamfara? Su wa aka kashe a yankin Tiliya ranar 21 ga Maris na 2021, mutum 137 a yini ɗaya, a nan jihar Tawa? Su wa aka kashe cikin masallacin Fambita a Tilaberi a Maris na 2025? Labarin da ake sayarwa a Washinton yana ɗaukar gawa ɗaya ya bar ɗaya. Ranar da Kiristan Nijar ya yarda ya zama hoton wannan labari, ya tabbatar wa mai ɗauke da fetur abin da yake zato tun farko. Kuma mai tsaron da yake nesa ba ya kwana a unguwa. Jeffery Woodke Ba'amurke ne, ya yi shekaru sama da ashirin yana aikin taimako a Abalak, aka sace shi a Oktoba na 2016 bayan an kashe ƴan Nijar biyu da ke tsaronsa, kuma duk ƙarfin ƙasarsa sai a Maris na 2023 ya sami kansa.

To me ya rage? Abin da ya rage shi ne siyasar ɗan gari. Tsarin mulkin 2010 ya hana kafa jam'iyya da sunan addini, juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 ya jingine shi, sannan a Maris na 2025 aka rusa jam'iyyun gaba ɗaya. Babu tutar da za a ɗauka ko da ana so. Amma siyasa ba ta mutu ba, ta koma inda ta fi kusa da tukunya: kwamitin kasuwa, kwamitin iyayen yara na lakwal, kwamitin famfo, ƙofar mai unguwa, ƙungiyar masu albasa. Nan ake yanke ko za a ƙara patanti, ko wa zai sami rumfa, ko shingen hanya nawa buhu zai biya kafin ya kai iyaka. Nan ya kamata a ga ɗan bishara, yana magana a kan abin da ya dame shi da maƙwabcinsa tare. Lokacin da CEDEAO ta sa mana takunkumi a 2023, iyakar Ƙonni ta rufe har zuwa Maris na 2024, albasar Galmi ba ta tambayi addinin mai gona ba, magani ya yi tsada ga kowa. Malaman Najeriya sun zo Yamai sulhu, bishop-bishop na Katolika na Afirka ta Yamma sun fito fili sun ce kada a kawo yaƙi. Irin wannan rana ce majami'un bishara za su riƙa ɗaga murya da ƙarfi, da Hausa, yadda mai talla za ta ji ta ce ashe su ma namu ne. Jama'ar da ta yi shekara sama da saba'in tana jinyar talakawa a Galmi tana da bakin yin magana a kan tsadar magani da mutuwar mata wajen haihuwa fiye da ƴan siyasa da yawa.

Sai dai akwai abin da za su gyara a gida. Mai wannan rubutu ma'aikacin rediyo ne, ya san abin da makirfo ke iya yi. Masu bincike da suka bi diddigin abin da ya faru a Maraɗi a 2000 sun nuna cewa wa'azin rediyo mai zafi cikin Hausa yana cikin abin da ya tara haushi. Wannan ba hujjar ƙona ɗaki ba ce, ko kusa. Amma wanda yake so a saurare shi ranar taron famfo, ba zai kwana yana muzanta addinin masu taron ba. Wa'azi haƙƙinsa ne, habaici ba ya ciki. Wannan magana ta hau kan masu wa'azinmu na Musulmi ninki goma, tunda su ke da lasifika a kowace kusurwa.

Mu ma masu rinjaye da namu nauyin, kuma shi ya fi girma. Ba a ce wa mutum ya fito fili sannan a tsare ƙofa. A shirin da ake buga waya a tattauna matsalar gari, sau da yawa mun lura Kirista idan ya kira sai ya ɓoye sunansa na yanka, ko ya tsaya ga laƙabi, don kada a ce wa ya sa bakinsa. Wannan abin kunyarmu ne, ba nasa ba. A 2015 akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci cikin ɗakunansu har ƙura ta lafa, Allah ya saka musu. Amma ɓoye mutum ranar tashin hankali ya fi sauƙi bisa ga ba shi kujera ranar lafiya. Adarawa kuwa, da kusan kowane gida yake da ɗa a ƙasar da shi ne tsiraru, su ya kamata su fara ganewa.

Ga abin da muke roƙo, kuma ba ya cin ko dala. Shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata na Tawa, idan za ku zauna a kan haraji ko rabon rumfuna, ku aika wa Kiristocin da ke ciniki tare da ku, da sunansu, kamar yadda kuke aika wa kowa. Babbar kasuwarmu ranar Lahadi take ci, su kuma safiyar Lahadi suna majami'a, saboda haka a sa zaman bayan azahar. Su kuma fastoci, idan takardar gayyata ta zo, kada a ce za a yi addu'a a kai. A tura mutum, ya zauna har a tashi, ya biya kuɗin ƙungiya kamar kowa.