In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira

A cikin shekarar 2023 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da wani lissafi wanda ya kamata kowane mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kansa. Ta ce kowace shekara mutum kusan miliyan 3 ke rasa rayukansu ta dalilin aikin da su ke yi don neman abinci. Daga cikinsu wajen 330,000 haɗari ne ke kashe su, sauran kuwa, watau wajen miliyan 2 da dubu 600, cututtukan da su ka ɗauka wurin aiki ne ke cinye su sannu a hankali. Tun watan Yuni na shekarar da ta gabaci wannan, watau 2022, ƙungiyar ta riga ta sa kiyaye lafiyar ma'aikaci wurin aikinsa cikin manyan hakkokin da ke wuyan kowace ƙasa da ke cikinta, Nijeriya kuwa tana ciki.

To, ta wace hanya a ke rage wannan hasara? Yawancin mutane in an yi zancen tsaron lafiyar ma'aikata sai su tuna da hular kwano, da takalmin aiki, da allon gargaɗi da a ke mannawa jikin bango. Waɗannan duk suna da amfani, ba mu musa ba. Amma mu a ganinmu tushen abin shi ne labarin kowane rauni, kome ƙanƙantarsa, ya kai kunnen mai iko da wuri, kuma kada wanda ya kai labarin ya sha wuya saboda ya kai. Domin bayyana nufinmu za mu kawo labarin wani kamfani na ƙasar Amurka wanda ya gwada wannan hanya shekara goma sha uku.

Sunan kamfanin Alcoa, babban ofishinsa yana birnin Pittsburgh, sana'arsa kuwa narka alminiyam, ƙarfen nan fari marar nauyi wanda a ke yin tukwane da kwanon rufi da jikin jirgin sama da shi. Aiki ne mai haɗarin gaske, ga narkakken ƙarfe, ga manyan injuna masu matse shi. A 1987 a ka naɗa wani mutum, Paul O'Neill, shugaban kamfanin. Da ya fara ganawa da masu hannun jari, suna jira su ji zancen riba, sai ya shaida musu cewa abin da ya sa gaba shi ne a wayi gari babu ma'aikacin da zai ji ciwo a Alcoa. Waɗansu daga cikinsu su ka fita suna ganin an ba mutumin da bai san ciniki ba riƙon dukiyarsu.

Dokar da ya kafa ba ta da wuyar ganewa. In ma'aikaci ya ji raunin da ya hana shi zuwa aiki, a ko wace ƙasa masana'antar ta ke, tilas shugaban wannan sashe ya sanar da O'Neill da kansa kafin awa 24, ya kuma faɗi abin da za a yi don kada a sake. Mai karatu ya lura da abin da wannan ya jawo. Shugaban sashe ba shi da hanyar jin labari cikin kwana ɗaya sai manaja ya gaya masa, manaja ba zai sani ba sai heluma ya gaya masa, heluma kuwa sai ya zama yana sauraron leburorin da ke ƙarƙashinsa. Har lambar wayar gidansa O'Neill ya ba ma'aikata, ya ce in sun nuna wani haɗari an ƙi gyarawa su kira shi.

Bai daɗe da kama aiki ba sai wani saurayi sabon ɗauka ya mutu a masana'antarsu ta jihar Arizona. Inji ne ya sarƙe, yaron ya tsallake shingen tsaro ya shiga ya cire abin da ya toshe shi, injin ya tashi ya buge shi a ka. A wani wurin da sai a ce ganganci ya yi, a rufe magana. O'Neill ya tara manyan kamfanin, ya ɗora alhakin a kansa da su. Da a ka bincika sai a ka tarar shugabanninsa biyu suna kallo sa'ad da ya tsallake ba su hana shi ba, ba a koya masa cewa ba za a kama shi da laifi in inji ya tsaya ba, kuma injin ba shi da abin da zai kashe shi in mutum ya shiga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan a ka bi a ka gyara.

Sa'an nan a 1996, wurin taron masu hannun jari, waɗansu mata masu hidimar cocin Katolika su ka ta da maganar ma'aikatan wata masana'antar kamfanin a ƙasar Meksiko waɗanda hayaƙi mai guba ya kwantar. Bincike ya nuna shugaban wannan sashe ya riga ya gyara wurin, amma bai kai rahoto ba. Mutum ne mai daraja, ya daɗe a kamfanin, duk da haka a ka sallame shi. Dalili kuwa, tun da ya ɓoye labarin, sauran masana'antun da ke da irin wannan haɗari ba su sami damar ɗaukar darasi ba.

Lokacin da O'Neill ya zo, cikin kowane ma'aikaci 1,000 wajen 19 ke jin raunin da ke hana su aiki a shekara. Lokacin da ya bari, ƙarshen 2000, abin ya sauko zuwa wajen 2. Darajar kamfanin a kasuwa kuma ta tashi daga dala miliyan dubu 3 zuwa wajen miliyan dubu 27. Ba za mu ce tsaron lafiya kaɗai ya kawo wannan riba ba, gama farashin ƙarfe da sayen waɗansu kamfanoni su ma sun taimaka. Abin da lissafin ya tabbatar shi ne kula da ran ma'aikaci bai karya kamfanin ba, kamar yadda masu tsoro su ka zata.

Amma fa akwai wani rami a nan wanda ya kamata a kiyaye. In kamfani ya ce zai ba da lada ga sashen da ya yi wata shida ba a ji ciwo ba, sai ka ga wanda ya yanke yatsa ya ɗaure da tsumma ya yi shiru, don kada 'yan'uwansa su ce shi ya hana su tukuici. Littafi ya yi fes, alhali jini yana zuba. A 2012 hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata ta Gwamnatin Amurka ta gargaɗi kamfanoni a kan irin wannan lada. Wanda ya cancanci tukuici shi ne wanda ya ga haɗari ya faɗa.

Har wa yau, rauni ma yana da sauƙin gani, cuta ita ce mai wuya, ga shi kuwa ita ta fi kisa nesa ba kusa ba. Ƙurar auduga a masaƙa tana shiga huhu, mutum ya riƙa jin ƙirjinsa ya ɗaure, musamman ranar da ya komo daga hutu, bayan shekaru numfashi ya gagare shi. Ƙarar inji tana cin kunne kaɗan kaɗan, kuma jin da ya tafi ba ya komowa. Magungunan jima na zamani suna cin fatar hannu da cikin hanci. Mai irin wannan ciwo sau da yawa sai ya bar aiki ya koma garinsu sa'an nan ya kwanta, ba wanda zai rubuta cewa masana'anta ce ta jawo. Saboda haka ɗakin shan magani na kamfani bai cika aikinsa ba in ƙwayar ciwon kai kaɗai ya ke rabawa. Kamata ya yi a auna ƙirji da kunnen ma'aikaci ranar da a ka ɗauke shi, a riƙa sake aunawa kowace shekara, a ajiye sakamakon, a kuma gaya wa mai jikin. In an ga mutum uku na ɗaki ɗaya suna tari iri ɗaya, sai a san ɗakin ne ke bukatar magani.

A nan ƙasarmu ba doka mu ka rasa ba. Tun 1955 a ka yi dokar masana'antu, shekara biyu kafin a buɗe masaƙar farko ta Kaduna. A 1987 a ka sabunta ta, ta kuma wajabta wa mai masana'anta ya sanar da sufeton Gwamnati duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana 3. Dokar diyya ta 2010 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashinsu a asusun hukumar NSITF, wanda daga ciki a ke biyan wanda ya ji rauni ko magadansa. Duk da haka a watan Satumba na 2002 gobara ta cinye ma'aikatan dare da dama a wata masana'antar roba a Ikorodu kusa da Ikko, waɗanda su ka tsira su ka ce an kulle musu ƙofofi. A watan Yuni na 2020 kuma 'yan sanda su ka fitar da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin shinkafa a Kano, inda a ka tsare su wata da watanni lokacin annobar korona. A duka wuraren biyu ma'aikatan sun san halin da su ke ciki tun da wuri, hanyar isar da kukansu ce ba su da ita.

Don haka muna roƙon Gwamnati ta ƙarfafa sufetocinta su riƙa shiga Bompai da Sharaɗa da Challawa ba da sanarwa ba, su buɗe littafin rauni, in sun same shi fari fat su tambayi leburori a keɓe. Masu kamfanoni kuma su sa labarin rauni ya riƙa zuwa teburinsu ranar da ya auku. Ku kuma akawuna, alƙalamin yana hannunku, ku rubuta abin da ya faru yadda ya faru, domin da wannan takarda ce marayu za su nemi hakkin ubansu. Malamai su koya wa yara tun suna makaranta cewa faɗin haɗari ba tsegumi ba ne. Magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye masu neman halalinsu, ya mai da kowa gida lafiya, amin.