Bayan Windows 10: Me ya sa kwamfutocin da aka sanya wa Linux ke ɗaukar zafi?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, masu tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suka shiga tsaka mai wuya. Windows 11 na buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, kuma a hukumance ba ta karɓar mafi yawan furosesan Intel da suka girmi zubi na takwas. Irin waɗannan kwamfutocin ne kuwa suka cika hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu a Najeriya da Nijar.

Mafitar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne. Sai dai wasu na kokawa cewa bayan sauyin fanka ba ta daina ƙara, ko kuma ta yi tsit har kwamfutar ta kashe kanta.

Laifin wa ne?

A yawancin kwamfutocin, ba babbar manhaja ce ke juya fanka kai tsaye ba. Wata ƙaramar na'ura ce a jikin allon kwamfutar ke yin hakan, bisa tsarin da kamfanin ya rubuta, ya kuma gwada shi a kan Windows. Kamfanoni da dama ba sa bayyana wannan tsari, don haka masu rubuta Linux kan yi ta lalube kafin su gano shi. Shi ya sa ake samun thinkfan don ThinkPad na Lenovo, da i8kutils don wasu samfuran Dell.

Amma ba nan gizo ke saƙa ba a mafi yawan lokuta. Kamfanoni da yawa na ƙayyade cewa a yi aiki da kwamfutarsu a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri kan haura 40. Ga ƙurar hunturu da ke toshe hanyar iska, ga man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke kwashe zafi, wanda ke bushewa bayan shekaru.

Daga ina za a fara?

Daga awo. Manhajar lm-sensors na nuna zafin furosesa, a wasu kwamfutocin har da gudun fanka. Furosesan Intel kan rage gudu da kansa idan ya kusa digiri 100, abin da ke sa kwamfuta nauyi. Umarnin top kuma na tona asirin duk manhajar da ke cinye ƙarfin na'urar.

Idan zafin na nan ko ba a aikin komai, sai a kai wa mai gyara ya buɗe, ya kakkaɓe ƙura, ya sauya man. Bayan nan ne ake duba thermald da TLP, masu daidaita zafi da shan wuta. Mai katin hoto na Nvidia kuma ya tabbatar ya sanya manhajar da ta dace da katin, don kada ya kwana yana aiki a banza.

Taɓa saitin fanka da hannu shi ne mataki na ƙarshe, domin kuskure ɗaya na iya tsayar da ita gaba ɗaya. Ga ɗalibin da kundin kammala karatunsa ke cikin kwamfutar, kuɗin mai gyara bai kai asarar allon da ya ƙone ba.