Kafin Ka Aika Wa Tsoho Da Rediyo Mai Lamba

Duk wanda ya zauna a kurmi ya san akwai tsarabar da ba ta tsufa: atamfa ga uwa, goro ga maƙwabta, akwatin rediyo ga tsoho. Ni ma na bi wannan hanya bara. Na shiga wata kasuwar kayan lantarki a nan Ikko, mai kanti ya ɗauko mini wani rediyo baƙi mai sheƙi, ba allura ba abin murɗawa, sai lambobi suna haske a fuskarsa da maɓallai sun fi ashirin. Ya ce mini wannan dijital ne, shi duniya take yayi. Na biya ban ko taya da kyau ba, na ba wani direban da ke kawo dankali da kabeji daga Jos ya kai wa mahaifina.

Bayan wata uku na je gida. Na tarar da tsarabata a bisa kabad an lulluɓe ta da ƙyalle, tsoho kuwa yana zaune a zaure da tsohon National ɗinsa wanda aka ɗaure murfin batirinsa da roba. Na ce, "Baba, ina sabon?" Ya ce, "Ga shi can, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan na 'yan boko ne. Na ce masa Kaduna, shi kuwa ya ce mini lamba."

Na yi dariya a lokacin, amma da na zauna na yi tunani sai na ga laifin ba na tsoho ba ne, ba kuma na rediyon ba. Nawa ne, gama na sayi abin da ya burge ni, na manta da wanda zai kunna shi. Kuma na san ba ni kaɗai ba ne. Saboda haka nake so mu tattauna, mu 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, kafin wani ya sake zuba kuɗinsa a rijiya.

Da farko dai, kalmar nan dijital da ake bugawa a jikin kwali abu biyu take nufi, masu kanti kuwa ba su rarrabewa. Iri na farko rediyo ne irin wanda muka sani, tashoshin da yake kamawa su ne dai na kullum, sai dai maimakon allura lamba yake nuna maka. Wannan yana da amfaninsa, kada a raina shi. In ka sa shi a 90.5 domin Peace FM ta gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato, ko 101.5 domin Highland FM ta Rediyon Tarayya, nan zai tsaya daram. Ba ya zamewa kamar mai allura, wanda kana cikin jin labarai sai ka ji wata tasha ta kutso da kiɗa. Yanzu da tashoshi suka yi yawa a Jos suna gogayya da juna kafaɗa da kafaɗa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sa'an nan yana riƙe tasha a ƙwaƙwalwarsa, ka danna maɓalli ɗaya ta fito. A kan FM kam na sallama masa.

Amma fa tsofaffinmu ba FM kaɗai suke ji ba. Tun 1957 da BBC ta buɗe sashen Hausa, da 1962 da aka kafa gidan rediyon Kaduna, kunnen Bahaushe ya saba da gajeren zango da matsakaicin zango, kuma da mita ya san su. Zai ce maka mita 49, mita 25, mita 19. Rediyo mai lamba bai san mita ba, kilohaz ya sani. Ga inda Baba da tsarabata suka raba gari. Lissafin kuwa ba shi da wuya in an gaya wa mutum: a raba 300,000 da lambar kilohaz, abin da ya fito shi ne mita. Watau mita 49 tana wajen 6,000, mita 41 wajen 7,000, mita 31 wajen 9,600, mita 25 wajen 11,800, mita 19 wajen 15,400, mita 16 kuma wajen 17,700. Lambar da aka daɗe da sanin Kaduna da ita a gajeren zango, 6090, ita ce mita 49 ɗin nan ta tsofaffi. To, wa ya taɓa gaya musu? Takardar da ke cikin kwali da Turanci da Sinanci take.

Akwai kuma wata da ta fi wannan cin rai. A Afirka da Turai tashoshin matsakaicin zango tazarar kilohaz 9 ce tsakaninsu, a Amurka kuwa 10. Lambar Kaduna da aka sani a nan ita ce 594. Rediyon da aka ƙera domin kasuwar Amurka daga 590 sai ya tsallake zuwa 600, ba zai taɓa taka 594 ba ko kwana ka yi kana dannawa. Waɗansu suna da wani ɗan maɓalli a ɓoye, sau da yawa a ɗakin batir, da ke juya shi daga 10 zuwa 9. Waɗansu ba su da shi. Mai allura ba ruwansa da wannan, ko'ina ka tsayar da shi nan yake tsayawa.

Ita ma ƙwaƙwalwar da ake yabo tana da nata aibi. Gidajen rediyon ƙasashen waje sukan sauya lambobinsu na gajeren zango sau biyu a shekara, ƙarshen watan Maris da ƙarshen Oktoba. Yaro ya zo hutu ya tsara wa tsoho tashoshi ya koma kurmi, bayan wata biyu a danna maɓalli a ji shuuu. Mai allura sai ya murɗa hagu kaɗan, dama kaɗan, har ya ji muryar da ya sani. Mai lamba kuwa sai ya zauna jiran yaro. Haka aka yi a watan Maris na 2025 da Muryar Amurka ta yi shiru: mutane da yawa sun ɗauka akwatinsu ne ya lalace. Masu araha daga cikinsu kuma da zarar an cire batir sun manta kome, sai a koma farko. Ga cin batir, gama fitilar fuskar da lambobin ba da iska suke aiki ba. Ga maɓallai ƙanana kamar ƙwayar gero, baƙi a kan baƙi. Ka tuna da asubahin Jos a watan Disamba, gari mai tudu wajen mita 1,200 bisa teku, yatsu sun ƙage don sanyi, ba wuta, idon dattijo ya yi rauni, sa'an nan ka ce ya nemo maɓalli na bakwai a layi na uku.

Iri na biyu shi ne dijital na ainihi, wanda ita kanta tashar da lambobi take aiko da murya. A Ingila ana kiransa DAB, ƙasar Norway ma ta kashe manyan tashoshinta na FM a 2017 ta koma kansa. Irin waɗannan akwatuna suna shigowa cikin kayan gwanjo, kyawawa da su, har da katako a jiki. Ɗan'uwa, in ka ga an rubuta DAB, ka sani tashoshin Jos a kan FM suke, wannan sashe na akwatin zai zauna ne shiru. Galibinsu suna da FM a gefe, amma ba gajeren zango ba matsakaici. Ka sayi doki ke nan domin ka riƙa hawan jakin da aka ɗaura masa a baya. Akwai kuma wani tsari mai suna DRM na gajeren zango, wanda Muryar Nijeriya ta buɗe tashar da ke iya watsa shi a Lugbe kusa da Abuja a 2012, amma ni dai ban taɓa ganin akwatin da ke kama shi a kantin kowa ba.

Mutanen Jos sun riga kowa ɗanɗana wannan sabon zamani, ko da yake ta wajen talabijin ne. Garin da ya fara nuna hoto mai launi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1970, shi aka zaɓa a fara gwajin komawa dijital. Ranar 30 ga Afrilu 2016 Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya ƙaddamar da shirin a Jos, aka rarraba dikodar FreeTV gida gida. Abuja ta biyo baya a Disamban wannan shekara, Ikko da Kano kuwa sai 2021, alhali an sa wa'adi a 2012 da 2015 da 2017 duk sun wuce. Abin da jama'a suka koya daga dikodar nan shi ne halin dijital: ko ka samu tangaram, ko ka rasa gaba ɗaya. A dā in siginar ta yi rauni hoto yana yayyafi amma kana gani, murya tana shuu amma kana ji. Yanzu sai hoto ya daskare ya farfashe, allo ya yi baƙi. Kuma in an ɗauke wuta an ɗauke kome. A talabijin wannan ɓacin rai ne kawai. A rediyo kuwa yana iya zama wani abu dabam.

Ga dalilina. A watan Agusta 2021 aka sa dokar hana fita ta sa'a 24 a Jos ta Arewa. Mu da ke nan muna ta buga waya, wata ta shiga wata ba ta shiga ba, waɗansu wayoyin ma cajinsu ya ƙare gama ba halin fita wurin mai caji. Yaushe za a sassauta, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, an buɗe kasuwa ko ba a buɗe ba, duk a rediyo gidanmu suka ji, a wannan mai ɗaurin roba, da batir biyu da aka saya tun kafin abin ya faru. A gari kamar Jos rediyo ba kayan ado ba ne. Dole ya zama abin da tsohuwa za ta iya kunnawa a cikin duhu ba tare da ta tashi jikanta ba.

Mu kanmu mazauna kurmi abin ya shafe mu. FM ba ta tafiya nesa, kusan iyakar inda ido zai hango eriyarta take kaiwa, saboda haka kome tsadar akwatinka ba za ka kamo Jos daga Agege ba. Ko dai ka bi ta intanet a waya kana ƙona kuɗin data, ko ka koma gajeren zango. In kuwa gajeren zangon ne, kada ka yi saurin zagin rediyonka in ka ji yana ƙugi. Cajar waya da inbata da ƙwan fitila na zamani duk suna zuba masa hayaniya. Cire shi daga soket, sa masa batir, ka fita da shi tsakar gida, za ka ji bambanci. Da rana ka nemi manyan lambobi, da dare ƙanana.

Ba cewa nake yi a guji mai lamba ba. Cewa nake yi a gwada shi a gaban mai kanti. A duba yana da FM da matsakaicin zango da gajere, a ga ko yana taka 594, a cire batir a mayar a ga ko ya tuna tashoshinsa, a tabbata yana cin batirin da ake samu a teburin bakin titi, kuma in da hali a zaɓi mai abin murɗawa ko da lamba yake nunawa. Mai kantin da ya ƙi a buɗe kwali, a bar masa kayansa. Gidajen rediyo su ma suna da nasu aiki: in za su faɗi inda ake kama su, su faɗi mita su faɗi kilohaz, su maimaita duk lokacin da suka sauya. Hukumar NBC kuwa, in har wata rana ta ga damar mayar da rediyo dijital kamar yadda ta yi wa talabijin, to ta fara zuwa Gangare da Dilimi da Anguwar Rogo ta tambayi masu dikoda yadda suka ji, kuma kada ta kashe tsohuwar hanya sai ta ga sabon akwati a hannun talaka.

Kafin in dawo Ikko na sauko da tsarabata daga bisa kabad. Na tsara tashoshi uku, na karɓi jan farce wurin ƙanwata na ɗiga a kan maɓallan uku, sauran na rufe su da salatif. Yanzu in akwai wuta Baba yana jin Peace FM a ciki da rana, ya ce muryar ta fi fita. Da magariba kuwa sai ya aiki yaro ya ɗauko masa National.