A Bar Yara Su Karanta Ilmin Hulɗar Ƙasashe

 

Akwai wani fanni da ake karantawa a jami'o'i, ana ce da shi ilmin hulɗar ƙasashe. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana cikin masu koyar da shi, yaro kuwa yakan yi shekara 4 kafin ya sami digiri na fari. Sau da yawa idan ɗa ya zo wa mahaifinsa da sunan wannan fanni, sai uban ya ɓata rai. Malami ya ce wannan surutun Turawa ne aka sa wa sunan ilmi. Attajiri ya ce likita an san aikinsa, lauya ma haka, wannan fa me zai kawo gida? Kowanensu yana da hujja, amma dukansu sun yi gaggawa.

A fara da attajiri, domin shi abin ya fi taɓawa. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu, ba ta soma buɗe su ba sai Disamba 2020. A watan Yuli na 2023 kuma soja suka karɓi mulki a Nijar, ƙungiyar ECOWAS ta sa mata takunkumi, aka sake rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya. Motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari, kaya suka lalace, kasuwannin Maraɗi da Birnin Ƙonni suka ji a jikinsu. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. Mai albasa da mai shanu ba su zauna ɗakin shawara a Abuja ba, amma su suka biya kuɗin abin da aka yanke.

Ita kanta iyakar haka aka yi ta. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka yi ta gyaransa har 1906. Da haka Katsina ta faɗa gefe ɗaya, Maraɗi gefe ɗaya, alhali babu Bakatsine ko Bagobiri a wurin da aka yi rabon. Mutanen da ba su da ɗa a wurin shawara, sai dai su ji hukunci daga baya.

To, abin da ake koya wa yaro ke nan: yadda ake ƙulla alkawari tsakanin ƙasashe da yadda ake warware shi, da dokar ƙasa da ƙasa, da sha'anin kuɗin fito da canjin kuɗi, da aikin Majalisar Ɗinkin Duniya da Tarayyar Afirka, da dabarun sulhu. Zai san cewa an kafa ECOWAS a Legas a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan ƙasashenta ikon shiga wata ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Falken da ɗansa ya san wannan, da wuya a ruɗe shi a shingen hanya.

Amma malami, gaskiyarsa ne cewa a jami'ar Turawa aka raɗa wa fannin suna. An kafa kujerarsa ta fari a Aberystwyth ta ƙasar Birtaniya a 1919, bayan yaƙin duniya na fari, don neman sanin abin da ke haddasa yaƙi. Sai dai mas'alar ta girmi wannan kujera ƙwarai. Imam Muhammadu ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya wallafa littafin Siyar a kan yaƙi da sulhu da amana, da hukuncin manzanni da fataken da suka shiga ƙasar da ba tasu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno, kowa yana kafa hujjarsa, kuma a 1824 ya karɓi baƙuncin Bature Clapperton a Sakkwato, suka yi zancen ciniki tsakanin ƙasarsa da Ingila. Ashe ɗan malami ba baƙo ba ne a wannan fage. Larabcin da ya tashi da shi a zaure yana cikin harsuna 6 da Majalisar Ɗinkin Duniya ke aiki da su.

Duk da haka, kada a yaudari kowa. Takardar digiri ba ta naɗa mutum jakada. Guraben Ma'aikatar Harkokin Waje kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙirguwa. Mafi yawa sai su nemi abinci a kwastan, ko hukumar shige da fice, ko aikin jarida, ko ƙungiyoyin agaji, ko sha'anin alhazai, ko su koma kasuwancin iyayensu da buɗaɗɗen ido. Wanda ya fito da takarda kaɗai, lalle zai sha zaman jira.

Saboda haka uban da zai ba da izini ya kafa sharaɗi biyu. Na fari, yaro ya koyi Faransanci tun shekarar fari, domin Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, watau dukan maƙwabtan Nijeriya na tudu, suna aikin hukuma da shi. Na biyu, kada ya yi hutu a kwance. A aike shi kasuwar Dawanau, ya bi mota zuwa bakin iyaka, ya ga takardun da ake tambaya da kuɗin da ake karɓa. Wanda ya san yarjejeniyar Viyana ta 1961 a kan jakadu, amma bai san yadda buhun wake ke ƙetare iyaka ba, karatunsa da saura.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da za a sake zama kan sha'anin iyaka, waɗanda aka shirya tun yau su ne za su yi magana da bakin mai albasa da mai shanu. Allah ya sa a gane. Wassalamu.