Waiwaye: Agogon da Ke Ba Mai Gudu Izinin Takawa

Duk wanda ya yi lakwal a Damagaram ya san mushe, malamin wasanni, da kayan aikinsa biyu: usur a baki, agogon gudu rataye a wuya. Da ƙafarsa yake ja mana layi a cikin rairayi, ya jera mu, ya busa usur, ya danna agogo da babban yatsa. Daga nan sai zagaye fili, ƙura na tashi, har ya sake dannawa. Ƙidaya ɗaya agogon nan ya iya, daga sifiri zuwa sama, kuma abin da yake aunawa shi ne wa ya riga, wa ya makara. Yaron da numfashi ya ƙare masa ya tsaya ya dafa gwiwa, ya sha ihun ƴan ajinsu, ya kuma rasa maki. Mushe aikinsa yake yi, jarrabawa yake shirya mu dominta. Amma mun bar lakwal da wani karatu da ba a rubuta a allo ba: wai duk wanda ya fara gudu ya koma tafiya, ya faɗi.

Wannan karatun ne yake kayar da mu yau da furfura ta fara leƙowa. Likita ya auna mutum ya ce jininsa ya hau, ko suga ya yi masa yawa, ya umurce shi da motsa jiki. Sai ka gan shi bayan sallar asuba a bakin kwalta, hanyar Mirya ko ta Tanut, da sabon takalmi, ya zuba irin gudun da ya yi yana ɗan shekara goma sha biyar. Kafin wata ya zagayo gwiwa ta kumbura, ko ƙirji ya tsorata shi, takalmi ya koma ƙarƙashin gado. In ka tambaye shi ya ce ai gudu na yara ne. Wasu kuma su ɗora laifin a kan rashin kayan aiki, su ce da sun sami agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya da sun ɗore. Su ne suke yawan tambayata wane agogo ya kamata su saya. Nakan ce musu su nemi wanda zai riƙa umurtarsu su daina gudu su taka.

Garinmu ya san doguwar tafiya tun kafin agogon hannu ya iso. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa ya yi mulki har 1884, Zinder, wato Damagaram, mahaɗar ayari ce. Kayan Tarabulus suna saukowa ta Agadas, fatu da gashin jimina suna hawa arewa, gishirin Bilma yana wucewa Kano. Unguwar Zango da ke bayan ganuwa ita ce masaukin baƙi, a can attajirai irin su Malam Yaro suka kafa gidajensu. Ayari kuwa yana hannun madugu, kuma babban aikinsa yanke inda za a sauka. Tun kafin a ɗaura kaya an san rijiyar da za a kwana. Ba ya jira sai dabba ta durƙushe sannan ya ce a sauke, domin dabbar da ta faɗi yau ba ta ɗaukar kaya gobe. Ba a taɓa kiran madugu rago ba don ya tsayar da ayari da sauran ƙarfi a jikin raƙuma. Da wannan sauran ƙarfin ake isa Kano. Agogon da nake nufi madugu ne a wuyan hannu.

Masu horar da zakarun gudu su ma nan suka tsaya. A Jamus, mai horarwa Woldemar Gerschler da likitan zuciya Herbert Reindell sun tsara gudu da hutu bi da bi: ɗan wasa ya ruga har bugun zuciyarsa ya kai wajen 180 a minti, ya sassauta har ya sauko wajen 120, sannan ya sake tashi. Ɗalibin Gerschler, Rudolf Harbig, shi ya kafa tarihin duniya a gudun mita 800 a 1939. Wanda ya sauko da dabarar zuwa ga talakan mai gudu shi ne Ba'amurke Jeff Galloway, wanda ya yi tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, gasar da Issaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a dambe. A 1974 Galloway ya karɓi ajin mutanen da ba su saba gudu ba, ya sa su gauraya sassarfa da tafiya tun daga farkon fita, kafin gajiya ta zo. Yau akwai masu gama gudun fanfalaki na kilomita 42 da wannan tsari. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana da shirin mako tara ga sabon shiga, wanda makonsa na farko gudun sakan 60 ne da tafiyar sakan 90, sau uku a mako. A Japan kuma Hiroshi Nose na Jami'ar Shinshu ya gwada wa manyan mutane tafiyar sauri ta minti 3 da ta hankali ta minti 3, ana maimaitawa sau biyar, kuma binciken da suka fitar a 2007 ya nuna jininsu ya sauka, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru.

Dalilin yana cikin jiki. Zuciya da huhu sukan saba da aiki cikin ƴan makonni, amma jijiyoyi da gaɓoɓi da ƙashi sun fi su nawa. Mutum ya ji numfashinsa ya gyaru sai ya ƙara wuta, alhali gwiwa ba ta gama shiri ba. Tafiyar tsakani tana sauke bugun zuciya, ta rage zafin da ya taru a jiki, ta sauƙaƙa dukan da ƙafa ke sha a ƙasa. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin ɗaya ne: hutun ya riga gajiya zuwa. In aka bar wa mutum zaɓi, ba zai taka ba sai ya galabaita, a lokacin kuwa ɓarnar ta riga ta auku.

Abin da ke hana shi takawa kunya ce. Damagaram gari ne na ƴan kokawa da masu ji da ƙarfi. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder da Aisha Macky ta fitar a 2021 ya ga yadda samarin unguwar Kara-Kara ke ɗaga ƙarafa don a san su maza ne. Gari ne kuma da kowa ya san kowa. Magidanci ya gwammace haki ya shaƙe shi da a ce an gan shi ya gaza a gaban teburin mai shayi, ƴan kabu-kabu na kallo. A nan agogo yake yin aikin da wa'azin likita bai yi ba. Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikaci, da ke fita da baƙin agogon roba a hannu. Wata safiya ya sauka daga sassarfa ya koma tafiya daidai wurin mai shayi, wani saurayi ya ɗaga murya ya ce, “Baba, har an gaji?” Dattijon ya ɗaga hannu ya nuna masa agogon, ya ce, “A'a ɗana, shi ya ce in taka. In ya sake kuka za ka ga ƙurata.” Aka yi dariya, aka gaisa, agogo ya yi ƙara, ya ci gaba. Tunda an tsara hutun tun daga gida, ba wanda zai kira shi gazawa. Mintin tafiyar ma ya ba shi damar amsa gaisuwa yadda ta kamata, abin da mai gudu ba tsayawa yake rasawa a gari irin namu.

Da na tashi neman irinsa, wurin wani tsohon mai gyaran agogo na je a Kasuwar Dole. Teburinsa ɗan ƙarami ne mai murfin gilashi, cike da agoguna marasa maɗauri da ƙananan batura cikin gwangwanin madara, shi kuma da madubin ƙara girma maƙale a ido ɗaya. Na ce, “Baba, ina son wanda zai yi kuka bayan minti ɗaya, ya sake bayan minti biyu, ya yi ta maimaitawa ba sai na taɓa shi ba.” Ya cire madubin ya dube ni, ya ce, “Malam, masu ƙirgawa suna da yawa a teburin nan, masu tunatarwa ne kaɗan.” Ya jera mini su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da bakin farce.

Abin da na koya a gaban teburin nan shi nake ba mai tambaya. Na farko, agogon ya kasance yana da ma'aunin lokaci biyu masu bin juna, ɗaya na gudu ɗaya na tafiya, suna juyawa da kansu. Casio F-91W, wanda ya fito a 1989 ya cika hannuwan mutanenmu, agogo ne nagari, batirinsa yana shekaru, yana da ƙararrawa da ƙidayar gudu. Amma ba ya ƙirgawa baya-baya, don haka idonka zai zauna a kan hannu, a hanyar da ke da ramuka da babura. Akwai masu ma'auni ɗaya mai maimaita kansa. Waɗannan sun isa in gudun da tafiyar tsawonsu ɗaya ne, kamar uku da uku. Da yawa daga cikin Timex Ironman, da aka fara yi a 1986, suna da ma'auni biyun. Garmin Forerunner, masu aiki da tauraron ɗan'adam tun 2003, suna da tunatarwar gudu da tafiya, har su faɗa maka nisan da ka ci, sai dai kuɗinsu ya yi wa yawancinmu nauyi.

Na biyu, ka tabbata za ka ji shi. Ƙaramin kuka yana ɓacewa cikin ƙarar babur da babbar mota, shi ya sa mai girgiza a hannu ya fi. Na uku, mai maɓalli ya fi mai fuskar shafawa, domin yatsa mai gumi da ƙurar hunturu ba sa shiri da gilashi. Na huɗu, ka dubi abincinsa. Agogon da ke neman caji kowane kwana biyu zai bar ka a hanya ranar da aka kwana ba wuta, mai ƙaramin batir kuwa ba ruwansa. Na biyar, lambobinsa su zama manya, su karantu a tsakar rana, ya kuma kasance da fitila saboda duhun asuba.

Sai maganar jabu. Kasuwa ta cika da agoguna masu walƙiya da ke alkawarin auna jini da barci da komai, akwai ma wanda za ka ajiye a kan tebur ya nuna maka bugun zuciya. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kada ka biya sai ka saita minti ɗaya da minti biyu a gaban mai kaya, ka tsaya ka ji ya juya da kansa har sau biyu. Kuma kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya bar awon asibiti don abin da agogon kasuwa ya nuna masa.

Wanda ba shi da halin saye ma ƙofa a buɗe take. Akwai manhajoji na kyauta a salula da ke yin wannan aiki, su yi maka ƙara daga aljihu. In babu salula, turakun wuta na bakin hanya sun isa: sassarfa tsakanin biyu, tafiya tsakanin uku. Iyayenmu mata da ƴan'uwanmu da ba sa son fita kwalta suna iya yin uku da uku na sauri da hankali a tsakar gida ko a filin makaranta, su kaɗai ko cikin ƙungiya.

Akwai abin da agogo bai sani ba, komai tsadarsa. Bai san kana azumi ba, bai san jiya zazzaɓi ya kwantar da kai ba, bai san rana ta take ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita kafin ya ɗaura takalmi. In ƙirji ya riƙe, ko jiri ya ɗebe ka, tsayawa za ka yi nan take ko da saura sakan arba'in. A watan Ramadan a mayar da fitar bayan buɗa-baki, a lokacin bazara a gama kafin rana ta ɗaga, da ruwa a hannu. Alamar da ba ta ƙarya ita ce magana: in ba ka iya amsa gaisuwa cikakkiya kana sassarfa, ka rage.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babban mutum ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Ba ta ce a yi su a tashi ɗaya ba, kuma ribarsu tana ga wanda ya ɗore shekara da shekaru. Ina son in ga magidantan Birni da Zango da Sabon Gari suna kai jikokinsu makarantar allo da ƙafafunsu, ba a riƙe da su ba. Saboda haka ranar da ka sayo agogo, fara saita mintunan tafiya kafin na gudu, ka ba su kaso mafi tsoka. In ya yi kuka kana jin sauran ƙarfi a jikinka, ka yi masa biyayya ka taka. Da ƙarfin da ka rage yau za ka fita jibi.